Jagora Kan Rarrabe Baƙaƙen Macizai Marasa Dafi a Yankin Sabana

Baƙin launi shi ne abin da ido yake fara kamawa a jikin maciji, amma a cikin alamomin da ake gane nau'in maciji da su babu wadda ta kai shi rauni, domin macizan da ba su haɗa dangi ba, waɗanda abincinsu da halinsu da haɗarinsu suka sha bamban, sukan fito da launi iri ɗaya, musamman masu yawon dare da masu zama a cikin ƙasa. A yankin sabana na Afirka ta Yamma, wato ƙasar ciyawa da itatuwa jefi-jefi wadda ta taso daga Senegal ta ratsa arewacin Ghana da kudancin Nijar da arewacin Nijeriya har ta dangana da Chadi da arewacin Kamaru, ana samun aƙalla rukunoni biyar na macizai masu duhun jiki waɗanda ba su da dafi ko kaɗan, kuma a wuraren da suke zaune ɗin nan ne ake samun wasu baƙaƙe iri biyu masu dafi, babba da ƙarami, waɗanda laifinsu yake shafar sauran. Saboda haka aikin rarrabewa hawa biyu ne, a bambanta marasa dafin a tsakaninsu, sannan a san inda kamanninsu ya tsaya na masu dafin ya soma.

Hausa ta tanadi tsayayyun sunaye ga macizan da ake tsoro, irin su kasa da kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, da kumurci da gamsheƙa da mesa, amma ƙananan da ba sa cutar da kowa yawanci ba su wuce a ce “baƙin maciji” ba, idan kuma dare ne a sakaya a ce “igiyar ƙasa”. Sunayen Hausa da aka ba su a wannan jagora na siffantawa ne kawai, an kuma haɗa kowanne da sunansa na kimiyya, wanda ake rubutawa da Latin, domin da shi ne mai neman ƙarin bayani zai same su a littattafai irin su jagorar macizan sabana da hamada ta Afirka ta Yamma, wadda Jean-François Trape da Youssouph Mané suka wallafa da Faransanci a 2006.

Sharaɗin farko na wannan aiki shi ne tazara. Kumurci mai tsartar dafi, Naja nigricollis, yana iya kai dafinsa idon mutum daga nisan mita 2 ko fiye, don haka duk baƙin macijin da ba a riga an tantance ba ana kallonsa ne daga mita 3, ba tare da an tare masa hanyar gudu ko an tsokane shi da sanda don ya motsa ba. Wayar hannu ta sauƙaƙa ganin abin da a da sai an kashe maciji ake iya gani, tunda hoton jiki gaba ɗaya, da na kai daga gefe, da na wutsiya, idan aka zuƙo su aka faɗaɗa, sukan nuna mafi yawan abin da ake buƙata. Da dare ya fi kyau a haska tocila daga gefe maimakon a dogara da walƙiyar kyamara, saboda hasken da ya faɗo kai tsaye a kan fata mai sheƙi yakan mayar da baƙi fari-fari, ya kuma shafe bambancin santsi da kaushi. Ana fara duba tsawo da kauri, sai yadda kai ya haɗu da wuya, sai girman ido, sai yanayin ɓawo, wato ƙananan faranti masu tauri da suka rufe fatar maciji, sai wutsiya. Launi shi ne na ƙarshe, kuma ko a cikinsa launin ciki da na maƙogwaro sun fi na gadon baya amfani. Akwai ma lokacin da launi yake yaudara gaba ɗaya, wato 'yan kwanakin da suke gabanin saɓa, sa'ad da idon maciji yake yin hazo-hazo, sheƙin jikinsa ya dushe, baƙin ya koma toka-toka.

Akwai ƙa'idoji biyu da suka yaɗu a intanet waɗanda ya kamata a ajiye su gefe tun da wuri, domin an gina su ne a kan macizan Amurka ta Arewa, inda mafi yawan masu dafi dangin kasa da kububuwa ne. Ta farko tana cewa macijin da ƙwayar idonsa take a tsaye, siririya kamar ta kyanwa da rana, mai dafi ne, wanda tasa take zagaye kuwa ba shi da shi. A tsakanin baƙaƙen macizan sabana abin ya kusa zama akasin haka, tunda macijin gida, wanda ba ya cutarwa, shi ne mai ƙwayar ido a tsaye, kumurci kuwa tasa zagaye take, ga shi kuma a cikin duhu ƙwayar da take a tsaye tana buɗewa har ta yi kama da zagayayyiya. Ta biyu tana cewa kai mai kusurwa uku shi ne shaidar dafi, alhali kan kumurci ba shi da wannan siffa. Wani ƙaramin maciji mai cin kwaɗi, Crotaphopeltis hotamboeia, mai launin toka mai duhu da 'yan ɗigon fari da baƙaƙen gefen kai, yakan baje kansa da gangan ya zama mai kusurwa uku idan ya tsorata, ya yi ta kai sara, alhali ɗan dafin da yake da shi a haƙoran baya bai kai ya kwantar da mutum ba.

Wanda aka fi cin karo da shi a cikin marasa dafi shi ne baƙin macijin gida, Boaedon fuliginosus, wanda tsofaffin littattafai suke sanyawa a ƙarƙashin sunan Lamprophis, kafin masana su mayar da shi Boaedon a 2011. Tsawonsa yawanci tsakanin santimita 60 ne da mita 1, mata sun fi maza girma, kuma da wuya ya wuce mita 1.2. Jikinsa mulmulalle ne mai ƙarfi, ɓawonsa ƙanana ne masu santsi, kuma a cikin haske yana ba da wani sheƙi mai sauya launi, shuɗi-shuɗi a nan, kore-kore a can, wanda yake fitowa sosai bayan ya yi sabuwar saɓa. Abin da ya fi muhimmanci a siffarsa shi ne yana da wuya: kansa dogo ne mai ɗan faɗi ta baya, kuma ana ganin inda ya tsuke kafin jiki ya soma. Idonsa madaidaici ne, a fili yake har ya ɗan turo, ana iya hango shi daga nesa. Cikinsa ya fi bayansa haske, daga fari mai ƙyalli zuwa toka-toka, wutsiyarsa kuma tana da tsawo daidai misali, tana sirancewa sannu a hankali har ta ƙare siririya. Yana da ɗan'uwa, Boaedon lineatus, wanda ya fi shi karkata zuwa ruwan ƙasa, mai fararen layuka biyu a kowane gefen kai, ɗaya daga hanci ta saman ido, ɗaya ta ƙasan ido zuwa kusurwar baki, kuma ganin waɗannan layuka, ko da dishi-dishi ne, ya isa shaida cewa macijin gida ake kallo.

Halinsa ma shaida ne. Ɓera yake nema, shi ya sa ake samunsa a gindin rumbu da ɗakin ajiyar hatsi da tarin bulo da ƙarƙashin tsohon kwano, ƙananansa kuma tsaka da ƙadangaru suke ci. Ba ya kashe abin da ya kama da dafi, nannaɗe shi yake yi ya matse har jini ya daina zagayawa, sannan ya haɗiye shi ta kai. Da dare yake fita, tafiyarsa a natse take, kansa yana kusa da ƙasa, idan kuma aka haska shi yakan daskare na ɗan lokaci sannan ya nemi rami. Idan aka kama shi yana cizo, kuma da yake haƙoransa na gaba suna da tsawo, wurin yakan yi jini, amma ba ya kumbura ya hau sama. Abin takaici ne cewa maciji mai wannan amfani ga mai hatsi shi ne aka fi samun gawarsa a bakin rumbuna.

Dalilin haka shi ne kumurci, kuma tsoron ba na banza ba ne. Binciken da aka yi a yankin Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna yadda wannan maciji yake shiga gidaje da dare, yana bin ɓeraye da kwaɗi da 'yan tsaki, yana saran mutane suna barci, kuma dafinsa yana ruɓar da nama a wurin saran. Kowa ya san kumurci idan ya fasa kai, wato ya ɗaga gaban jikinsa ya baje haƙarƙarin wuyansa, amma kumurcin da yake tafiyarsa ba a dame shi ba baƙin maciji ne kawai. Tsawo shi ne mataki na farko, domin babban kumurci yana kaiwa mita 2, saboda haka duk baƙin macijin da ya kai mita 1.5 a wannan yanki ana ɗaukarsa kumurci ne. Kansa gajere ne mai dakusasshen baki, wuyansa kusan faɗinsa ɗaya da kan saboda fatar da take naɗe a wurin, ɓawonsa manya ne da suke jere a karkace, kuma a ƙarƙashin wuyansa akwai baƙin ɗauri mai faɗi tare da wurare masu ja-ja ko ruwan hoda, waɗanda macijin gida ba shi da su sam. Ƙananan kumurci, waɗanda tsawonsu yake daidai da na macijin gida, sau da yawa jikinsu toka-toka ne, kai da wuya kawai suke baƙi, kuma suna saurin ɗaga kai su fuskanci mutum, abin da macijin gida ba ya yi.

Mafi sauƙin ganewa a cikin marasa dafin duka shi ne maciji mai jikin magagari, Limaformosa crossi, wanda aka daɗe ana kira Mehelya crossi, kuma George Albert Boulenger na gidan adana kayan tarihin halittu na Landan shi ne ya fara bayyana shi a 1895 daga samfurin da aka samo a Asaba. Jikinsa ba mulmulalle ba ne, kusurwa uku gare shi, gadon baya ya yi tsini, gefuna biyu sun gangaro zuwa shimfiɗaɗɗen ciki. Kowace ƙwayar ɓawonsa tana da doro, wato siririn tudu da ya ratsa tsakiyarta, waɗanda suke bisa ƙashin baya kuma manya ne masu doro biyu-biyu, sannan ɓawon bai haɗu da juna sosai ba, har ana ganin fata mai haske a tsakani. Wannan ya sa ba shi da sheƙi, kuma ƙura takan maƙale masa ya ɗauki launin ƙasar da yake ciki. Kansa shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, ya fita daban da wuya, tsawonsa yana wuce mita 1. Macizai ne babban abincinsa, har da masu dafi, ga shi kuma da sanyin hali, domin da wuya ya yi cizo, iyakarsa ya saki wani ruwa mai ɗoyi daga gindin wutsiya. Babu wani baƙin maciji mai dafi a sabana da ya haɗa kaushi da kusurwa uku irin wannan.

Inda aikin yake yin wuya shi ne a wajen ƙananan, waɗanda ba su kai rabin mita ba ko suka ɗan wuce, waɗanda fartanya take tonowa a lokacin shuka da noman farko, ko ruwan sama ya koro su daga ƙasa da dare. Makafin macizai su ne na farko. Suna da nau'o'i da yawa, daga sirara masu kaurin bakin fensir waɗanda ake ɗauka tana ce, zuwa Afrotyphlops punctatus, mai kaurin yatsa, wanda yake iya haura santimita 60, mai duhun baya da ɗigo-ɗigon rawaya. Kaurinsu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, idanunsu ɗigo ne kawai a ƙarƙashin ɓawon kai, bakinsu ƙarami ne yana can ƙasa, wutsiyarsu kuma guntuwa ce ƙwarai mai ɗan tsini, shi ya sa a wurare da yawa ake cewa kai biyu gare su. Tsinin nan ba ya harbi, dogarawa suke yi da shi a cikin rami. Tabbatacciyar alamarsu tana ciki. Sauran macizan da ake magana a kansu a nan suna da faffaɗan ɓawon ciki, jere ɗaya bayan ɗaya daga maƙogwaro zuwa dubura, makafin macizai kuwa ɓawonsu iri ɗaya ne ya zagaye jiki, ciki da baya babu bambanci. Gara da tururuwa da ƙwayayensu suke ci, don haka kusa da suri aka fi samunsu. Ɗaya daga cikinsu, Indotyphlops braminus, baƙo ne daga Asiya wanda bai cika wuce santimita 15 ba, dukkansu mata ne masu hayayyafa ba tare da namiji ba, kuma ta cikin ƙasar tukwanen furanni ya yaɗu zuwa ƙasashe masu zafi, har da garuruwan Afirka ta Yamma.

Na biyu su ne masu cin kulɓa, dangin Lycophidion, waɗanda kansu ya baje sosai, bakinsu mai faɗi ne zagayayye, idanunsu ƙanana, kuma sau da yawa bakin kowace ƙwayar ɓawo yana da ɗan fari, abin da yake sa baƙin jikinsu ya zama kamar an yayyafa masa gari. Wani nau'insu, Lycophidion semicinctum, yakan zo da ɗauri-ɗauri masu haske a gadon baya. Dogayen haƙoransu na gaba na riƙe kulɓa ne, wadda jikinta yake da sulɓi, kuma babu dafi a tare da su. Na uku, dangin Prosymna, gajeru ne masu farin ciki da ɗigon haske a kan ɓawon baya, hancinsu shimfiɗaɗɗe ne mai kaifin baki don tona ƙasa, abincinsu kuma ƙwan ƙadangaru da na macizai.

Duk waɗannan ƙananan suna da abokin kama guda ɗaya mai haɗari, kuma saninsa shi ne rabin wannan ilimi. Dangin Atractaspis, waɗanda za a iya kira masu sara a kaikaice, baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa mai duhu, masu santsi da sheƙi, tsawonsu yawanci santimita 30 zuwa 70, kuma akwai nau'o'insu da dama a yankin, ciki har da Atractaspis watsoni da Atractaspis dahomeyensis. Fiƙoƙinsu, wato haƙoran da dafi yake bi, suna da tsawo ƙwarai idan aka gwada da ƙanƙantar kansu, kuma ba sai sun buɗe baki suke sara ba, sukan zaro fiƙa ɗaya ta gefen baki su ja kai baya ko gefe su soka. Wannan dabara ce ta farauta a cikin matsattsen rami, amma sakamakonta ga mutum shi ne riƙon bayan kai, wanda gardawa da masana suke yi wa sauran macizai, ba ya hana wannan sara, yatsan da ya riƙe shi ne ma yake samu. Saran yana da zafi mai tsanani da kumburi, wani lokaci naman wurin ya mutu har a rasa gaɓar yatsa, an kuma samu mace-mace jefi-jefi. David Warrell da abokan aikinsa, waɗanda suka yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun wallafa bayanin irin wannan sara a Nijeriya a 1976. Magungunan kashe dafi da ake amfani da su a yankin ba don dafin Atractaspis aka yi su ba.

Ana raba mai sara a kaikaice da macijin gida ta hanyar abubuwa huɗu da suke tafiya tare. Ba shi da wuya, kansa ƙarami ne da ya zarce cikin jiki ba tare da tsukewa ba. Idonsa ɗan mitsitsi ne, sai an matso ake ganinsa. Cikinsa galibi duhu ne kamar bayansa. Wutsiyarsa kuma gajeriya ce da take ƙarewa farat ɗaya da ɗan tsini. Yana da wani hali da ba ya ɓuya, idan aka dame shi a fili yakan lanƙwasa wuyansa sama ya soke hancinsa a ƙasa kamar mai neman wurin nutsewa, ko ya yi ta fizge-fizge gefe da gefe. Tsakaninsa da makahon maciji kuwa, faffaɗan ɓawon ciki da ido na gaskiya, komai ƙanƙantarsa, su ne suke tona shi. Da mai cin kulɓa ruɗanin ya fi yawa, tunda dukkansu ƙananan idanu gare su, sai dai kan mai cin kulɓa a baje yake kuma wutsiyarsa ta fi tsawo da sirancewa. Duk da haka hoton da aka ɗauka da dare, maciji yana motsi, ba kullum yake nuna waɗannan ba, don haka hukuncin da ya dace shi ne duk ƙaramin baƙin maciji mai sheƙi wanda ba a ga wuyansa ba a ɗauke shi mai sara a kaikaice ne.

Masana suna da wata alama da take buƙatar hoto mai kyau na gefen kai. Tsakanin ɓawon da ƙofar hanci take ciki da ɓawon da yake manne da gaban ido, wasu macizai suna da ƙarin ɓawo guda, wanda za a iya kira ɓawon tsakani. Macijin gida da mai jikin magagari da mai cin kulɓa duk suna da shi, kumurci da mai sara a kaikaice kuwa ba su da shi. Alamar tana da amfani, amma ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Amblyodipsas unicolor, wani baƙin maciji mai sheƙi na wurare masu laima, wanda ɗan dafinsa ba a ɗauke shi haɗari ga mutum ba, shi ma ba shi da wannan ɓawo, kuma kamarsa da Atractaspis ta kai har ƙwararru sai sun ƙirga ɓawon kai da na wutsiya suke raba su. Ta ɗaya gefen kuma, macijin bishiya mai manyan idanu, Dispholidus typus, wanda wasu mazansa suke da duhun jiki, yana da ɓawon tsakani, alhali dafinsa yana hana jini daskarewa. Shi ne ya kashe Karl Schmidt, fitaccen masanin macizai na gidan tarihi na Field da ke Chicago, a 1957, bayan an kawo masa wani ƙaramin maciji don ya faɗi nau'insa, ya ɗauke shi da hannu.

Hanyar da ta fi kowace aminci wajen sanin macijin da yake zaune a gida ita ce saɓarsa, wato tsohuwar fatar da ya tuɓe ya bari a jikin katanga ko cikin tarin itace. Saɓa ba ta riƙe launi sosai, tana fitowa a juye, ciki a waje, kuma ta fi mai ita tsawo saboda miƙewar da take yi wajen tuɓewa, amma tana ɗauke da zanen kowace ƙwayar ɓawo. Ana ɗan jiƙa ta da ruwa don kada ta kakkarye, a tsaga ta ta tsakiyar ciki da almakashi, a shimfiɗa a kan farar takarda. Daga nan sai a je daidai tsakiyar jiki a ƙirga layukan ɓawon baya, ana farawa daga wanda yake manne da faffaɗan ɓawon ciki, ana bi a karkace ta kan gadon baya har a sauka ɗaya gefen. Prosymna yakan ba da 15, mai jikin magagari 15 ko 17 tare da doron da ake ji da yatsa, mai cin kulɓa 17, kumurci mai tsartar dafi kimanin 21 zuwa 23, macijin gida kuwa wajen 30. Wasu nau'o'in Atractaspis su ma suna kaiwa wajen 30, don haka sai a koma wutsiya, wadda take farawa daga dubura. Ɓawon ƙarƙashin wutsiyar macijin gida biyu-biyu yake jere, kuma ya haura 40, na mai sara a kaikaice kuwa bai kai haka ba, kuma a mafi yawan nau'o'insa ɗai-ɗai yake jere, ko a gauraye. Jerin biyu-biyu shi kaɗai ba shaidar rashin dafi ba ne, tunda haka na kumurci yake. Idan ɓangaren kai bai yage ba, murfin ido, wanda yake fita tare da saɓar, yana nuna girman idon mai ita.

Ana iya yin wannan ƙirga a jikin mataccen maciji, sai dai kan maciji yana iya sara bayan mutuwa na tsawon awa ɗaya ko fiye, ko da an raba shi da jiki, don haka da doguwar sanda ake juya shi.

Idan sara ya riga ya faru, rarrabewa ba ta zama dalilin zama a gida, domin alamun haƙora a fata ba abin dogaro ba ne, mai sara a kaikaice sau da yawa huda ɗaya yake bari, kuma wanda aka sara a cikin duhu bai cika ganin abin da ya sare shi da kyau ba. Ana cire zobe da awarwaro da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo, a hana gaɓar motsi, a kai mutum asibiti, ba tare da ɗaure wurin da igiya ko tsagawa ko tsotsa ko ɗora baƙin dutse ba. A asibitoci irin na Kaltungo a jihar Gombe, wanda ya shahara da jinyar saran maciji, ana duba alamun jikin majiyyaci ne, ana kuma zuba jininsa a busasshiyar kwalba mai tsabta a jira minti 20 a ga ko zai daskare. Dafin da aka tsarta a ido ana wanke shi nan take da ruwa mai yawa kafin a tafi. Cizon da aka tabbatar na marar dafi ne kuwa ruwa da sabulu yake buƙata, tare da duba ko mutum yana da rigakafin sandarewar jiki da ake kira tetanus.

Fitar da macijin gida daga ɗaki ba ya buƙatar hannu ya taɓa shi, ko da an tabbatar da nau'insa. Ana kwantar da bokiti mai zurfi a gefensa a jikin bango, tunda bango maciji yake bi idan yana neman mafita, a tura shi a hankali da tsintsiya mai dogon mariƙi har ya shige, sannan a tayar da bokitin da sanda a rufe, a kai shi bayan gari inda akwai ciyawa ko duwatsu a sake shi da yamma. Wani zai maye gurbinsa muddin ɓeraye suna nan, don haka sauran aikin yana wajen toshe ramuka, da ɗaga buhunan hatsi a kan katako nesa da bango, da kawar da tarin itace da bulo daga jikin ɗakin kwana.